Hanya Mai Lamba Ɗaya: Yadda Aka Rufe Zoben Ayislan

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar Ayislan da niyyar kewaya ƙasar a mota, abin da idonsa zai fara kamawa shi ne layi guda da ya zagaye tsibirin kamar zobe a yatsa. Shi ne titi mai lamba 1, wanda 'yan ƙasar ke kira Hringvegur, wato hanyar zobe. Tsawonsa kimanin kilomita 1,320 ne, ya ɗara tafiyar Kano zuwa Legas. Iyakar gudun da doka ta yarda da shi a kan kwalta kilomita 90 ne a awa guda, saboda haka mai son lissafi zai raba wancan da wannan, ya ƙara ɗan lokacin shan mai da cin abinci, ya yanke cewa kwana uku sun isa, huɗu ma an yi ɓarna. Lissafin daidai ne a kan takarda. Abin da taswira ba ta faɗa shi ne cewa sai a 1974 aka haɗa bakin wannan zobe, sai a 2019 aka gama shafe shi da kwalta, kuma a tsakanin waɗannan shekaru biyu ruwa ya tsinka shi ba sau ɗaya ba. Wanda ya san dalilin wannan jinkiri zai tsara tafiyarsa daban da wanda bai sani ba.

Ayislan tsibiri ne mai faɗin murabba'in kilomita 103,000 a arewacin tekun Atilantika, mutanensa ba su kai dubu ɗari huɗu ba, kuma kusan kashi biyu cikin uku suna zaune ne a Reykjavik da kewayenta. Tsakiyar ƙasar hamada ce ta baƙin dutse da toka da ƙanƙara, ba gari ba gona. Tun zuwan mazaunan farko daga Norwe da tsibiran Birtaniya, wanda al'ada ta ɗora a kan shekarar 874, mutane sun zauna ne a bakin teku da cikin kwaruruka. Wannan shi ya sa hanyar ta zama zobe: ta bi inda mutane suke, ta bar tsakiya.

Sai dai shekara dubu aka yi babu ita. A shekarar 930 aka kafa majalisar Althing a filin Thingvellir, inda shugabannin yankuna ke haɗuwa kowace bazara don yin doka da yanke shari'a. Wanda ya fito daga gabas mai nisa yakan shafe fiye da mako biyu a kan doki kafin ya iso. Abin da suke bi turba ce da kofato ya tattake, sai tarin duwatsu da aka jera a kan tuddai domin matafiyi ya ga na gaba daga wanda yake tsaye a kai idan hazo ko dusar ƙanƙara ta sauko. Har yau ana ganin irin waɗannan tarin duwatsu daga tagar mota. Keken doki ma bai samu gindin zama ba sai ƙarshen ƙarni na 19, domin babu inda ƙafar keke za ta gangara. Busasshen kifi da ulu da katakon gini duk a bayan ɗan guntun dokin nan na Ayislan ake ɗaura su, wanda ƙasar ke kishinsa har ta haramta shigo da wani doki daga waje, kuma wanda aka fitar ba ya dawowa.

Talauci na daga cikin dalilan rashin hanya, amma akwai dalilin siyasa. Daga 1602 zuwa 1787 sarautar Danmak ta keɓe cinikin tsibirin ga 'yan kasuwar da ta ba izini. Jiragensu na zuwa da bazara su tsaya a tashoshin da aka ware, kuma an daɗe ana tilasta wa manomin kowane yanki ya kai kayansa tashar yankinsa kaɗai. A irin wannan tsari kowane lungu na ƙasar ya fuskanci Kofanhagen ta teku, ya juya wa maƙwabcinsa baya. Babu wanda ke da riba a gina titi tsakanin arewa da kudu. Ko jirgin ƙasa, da ya ɗinke sauran ƙasashen Turai, bai taɓa ɗaukar fasinja a Ayislan ba; ɗan layin dogon da aka shimfiɗa a Reykjavik a 1913 na jigilar duwatsun gina tashar jiragen ruwa ne, da aikin ya ƙare shi ma ya mutu.

Babban abokin gaba kuwa kogi ne. Kogunan Ayislan da yawa daga ƙarƙashin ƙanƙara suke fitowa, ruwansu launin toka, mai sanyin da ke kashe jiki, ba a ganin ƙasansa. Suna cika ne da rana mai zafi, lokacin da ƙanƙara ke narkewa, don haka mashigin da aka haye lafiya da asuba yana iya cin doki da mahayinsa da la'asar. Gadar farko ta kirki ita ce wadda aka rataya a kan kogin Olfusa a 1891, a wurin da garin Selfoss ya tsiro daga baya saboda ita. Ta kogin Thjorsa ta biyo baya a 1895. An gina ta Olfusa ne don doki da mai tafiya a ƙasa. A watan Satumba na 1944 wata motar ɗaukar madara tana jan wata motar a kanta, igiyar ƙarfen gefe ɗaya ta tsinke, motocin biyu suka afka ruwa. Direbobin sun tsira, kuma a shekarar da ta biyo aka buɗe gadar da ake bi har yanzu.

Mota ta farko ta sauka a ƙasar a 1904, wani ɗan kasuwa mai suna Ditlev Thomsen ya shigo da ita da tallafin majalisa. Tsohuwa ce, ba ta da ƙarfi, ta sha kunya a kan tudu, aka mayar da ita inda ta fito. Shekara uku bayan nan, da Sarki Frederik na Takwas na Danmak zai kawo ziyara, aka share masa hanya daga Reykjavik zuwa Thingvellir da maɓulɓular ruwan zafi ta Geysir da magangarar Gullfoss, aikin da ya cinye kaso mai tsoka na kuɗin shigar ƙasar na shekarar. Sarkin ya zaɓi ya hau doki a mafi yawan tafiyar. Wuraren nan uku su ne masu yawon buɗe ido ke zagayawa a yini guda yanzu, galibinsu ba tare da sanin cewa sawun ziyarar sarki suke bi ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya kawo manyan injina. Sojojin Birtaniya sun mamaye ƙasar ranar 10 ga Mayu 1940, Amurkawa suka karɓe su a shekarar da ta biyo. Da su aka samu katafila da jif da albashin tsabar kuɗi, da filin jirgin saman Keflavik inda mai karatu zai sauka ya karɓi motar haya. Ranar 17 ga Yuni 1944 aka ayyana jamhuriya a Thingvellir, kuma shekarun da suka biyo baya na ɗura tsakuwa ne da kafa ƙananan gadoji. A ranar 26 ga Mayu 1968, da ƙarfe shida na safe, ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama, kusan shekara huɗu kafin Najeriya ta yi irin wannan sauyi a watan Afrilu na 1972. A lokacin ana iya tuƙa mota daga Reykjavik a bi ta yamma da arewa da gabas har garin Hofn, a zarce cikin gundumar Oraefi. Daga kudu ma ana iya zuwa har bayan ƙauyen Kirkjubaejarklaustur. Abin da ya rage tsakanin bakunan biyu 'yan kilomita talatin da wani abu ne, kuma su ne suka gagara.

Wurin sunansa Skeidararsandur. Fili ne na baƙin yashi da tsakuwa, shimfiɗe kamar faifai, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu, tsakanin teku da gindin Vatnajokull, malafar ƙanƙarar da ta rufe kusan kashi 8 cikin ɗari na ƙasar. Koguna ne suka zuba wannan yashi, kuma ba su da gaɓa tabbatacciya: kogi ɗaya yakan rabu gida goma, ya sake haɗewa, ya wayi gari a wani wuri dabam. Abin da ya fi haka muni yana ƙarƙashin ƙanƙarar. Akwai dutse mai aman wuta da ake kira Grimsvotn, zafinsa na narkar da ƙanƙara daga ƙasa, ruwan ya taru a wani tafki da ba a gani daga sama. Idan ya cika sai ya ɗaga ƙanƙarar, ya samu mafita, ya kwararo kan yashin gaba ɗaya. Mutanen ƙasar na kiran wannan ambaliya jokulhlaup, kuma masana ilimin ƙasa a ko'ina sun ari kalmar. Injiniya ya san yadda ake gina gada a kan kogi. Tambayar da ta tsaya a nan ita ce ina za a kafa gada idan kogin kansa ba ya zama wuri ɗaya.

Mutanen Oraefi, da ke gabashin yashin, su suka biya farashin wannan tambaya. Sunan gundumar kansa na nufin kango, kuma ta same shi ne bayan aman wutar 1362 ya shafe gonakinta. Waɗanda suka dawo daga baya sun zauna tsakanin ruwa ta yamma, ruwa ta gabas, ƙanƙara ta arewa, da teku marar tasha ta kudu. Suna da dawakai da aka horar musamman don shiga ruwa, da mutanen da suka iya karanta fuskar kogi su gane inda ƙasa ke da tauri da inda yashi ke haɗiye ƙafa. Wanda ya fi shahara a cikinsu a ƙarni na 20 shi ne Hannes Jonsson na gonar Nupsstadur, ɗan aiken gidan waya wanda ya yi shekaru yana ƙetarar da wasiƙu da matafiya. Ya rasu a 1968, shekara shida kafin gadar da za ta maye aikinsa. Baƙon da ya faɗa wannan yashi ba jagora kuwa, labarinsa kan yi kama da na ma'aikatan wani jirgin kamun kifi na Jamus da ya kife a gaɓar a farkon 1903: sun yi kwana goma sha ɗaya suna yawo tsakanin koguna kafin su ga gida, uku daga cikinsu ba su kai ba. Bayan wannan ne Thomsen ɗin nan mai mota, wanda kuma shi ne ƙaramin jakadan Jamus, ya sa aka gina bukkar mafaka a kan yashin. Jirgin sama ya riga mota zama abin hawa na yau da kullum a Oraefi, kuma sai a 1967 aka yi gadar da ta haɗa gundumar da Hofn.

Ƙaratowar cikar shekara 1,100 da zama a ƙasar ita ta sa aka ɗaura aniyar rufe giɓin. An fara aiki a 1972. Baitulmali ba shi da kuɗin, sai gwamnati ta sayar wa jama'a takardun lamuni waɗanda ake fitar da ƙuri'ar kyauta a kansu, talakawa suka saya, da kuɗinsu aka yi gadojin. Dabarar injiniyoyin ita ce su gina dogayen ganuwoyin duwatsu da za su tattaro rassan kowane kogi su kora su ƙarƙashin gada ɗaya, sannan su bar titin da ke tsakanin gadojin ya zama mai sauƙin karyewa. Idan babbar ambaliya ta zo, gara ta ci tulin tsakuwa da za a mayar cikin kwanaki da ta ci ƙarfe da kankare. Mafi tsawo a cikinsu, gadar kogin Skeidara, kusan mita 900 ce, layi ɗaya, da dandamalin katako a kan ƙarfe da wuraren raɓewa don motoci su wuce juna. An buɗe ta ranar 14 ga Yuli 1974. Daga ranar tafiyar Hofn zuwa Reykjavik ta koma kimanin kilomita 460, kusan rabin abin da mai mota ke yi ta arewa, kuma iyalai da yawa suka ɗaura tanti a kan mota suka fita ganin ƙasarsu da ba su taɓa kewayawa ba. Zagayen zoben al'adar 'yan gida ce kafin baƙi su gano ta.

An jarraba dabarar a 1996. A ƙarshen Satumba wuta ta ɓarke ƙarƙashin Vatnajokull a arewacin Grimsvotn, ta yi kusan mako biyu tana narkar da ƙanƙara. Kowa ya san ruwan na taruwa, aka zuba ido, aka riƙa tsare hanya. Ya ɗauki makonni biyar kafin ya fito, ranar 5 ga Nuwamba. Cikin sa'o'i kwararar ta kai kimanin mita kubik 50,000 a daƙiƙa guda, ta ɗauko gutsattsarin ƙanƙara waɗanda wasunsu sun kai tan dubu. Gadar Gigjukvisl mai tsawon mita 376 ta tafi gaba ɗaya, wani sashe na gadar Skeidara ya karye, titi da turakun lantarki suka bi ruwa. Ba a rasa rai ko ɗaya ba, domin an rufe hanya tun kafin ruwan ya iso, kuma cikin 'yan makonni aka buɗe hanyar wucin gadi. A 2010, lokacin aman wutar Eyjafjallajokull da ya tsayar da jiragen saman Turai, ma'aikatan hanya da kansu suka sa injin haƙa suka yanka titin kusa da kogin Markarfljot domin ruwa ya samu wurin wucewa ya bar gada, kuma gadar ta tsira. A watan Yuli na 2011, tsakiyar lokacin baƙi, ambaliya ta share gadar Mulakvisl a gabashin garin Vik. Mako guda aka yi ana ɗora ƙananan motoci a bayan manyan motoci ana ƙetarar da su kafin a kammala gadar wucin gadi.

A nan ne tarihin ke shiga jadawalin matafiyi. A mafi yawan kudu maso gabas babu wata hanya bayan lamba 1. Idan ta yanke a gabanka, zaɓinka biyu ne: ka jira, ko ka juya ka zagaye ƙasar ta ɗaya ɓangaren. Saboda haka, a ganina, mako guda shi ne mafi ƙarancin abin da mai hankali zai ware wa zoben da bazara, kwana goma ya fi, kuma ya kamata kwanan ƙarshe kafin tashin jirgi ya same shi a Reykjavik ko kusa da ita. Hukumar hanyoyi ta Vegagerdin da hukumar yanayi suna sabunta halin kowane yanki a intanet, kuma ɗan ƙasa ba ya fita tafiya mai nisa bai duba ba. Da hunturu lissafin ya sake canzawa: hasken rana a Reykjavik a ƙarshen Disamba bai wuce awa huɗu da 'yan mintoci ba, kuma tuddan Holtavorduheidi da Oxnadalsheidi da ke kan hanyar Akureyri ana rufe su idan guguwa ta taso. A watan Yuni kuwa dare ba ya yin duhu sosai, abin da ke yaudarar direba ya zarce har gajiya ta kama shi.

Sauran ƙa'idojin ma kowace da asalinta. Gadoji masu layi ɗaya gadon zamanin ƙarancin kuɗi ne. Ana ta maye gurbinsu, amma akwai saura, kuma wanda ya riga isa shi ke fara hayewa. Ba abin wasa ba ne: a ƙarshen Disamban 2018 motar wasu baƙi daga Birtaniya ta faɗo daga gadar Nupsvotn, a bakin yashin nan na yamma, mutum uku suka rasu. Inshorar yashi da toka da kamfanonin haya ke tallatawa tana iya kama da dabarar tatsar baƙo, amma iskar da ke kaɗawa a filayen kudu tana iya goge fentin mota ta dusashe gilashi, haka kuma tana fizge ƙofa daga hannun mai buɗe ta. Fitilun gaba a kunne suke dare da rana bisa doka. Tumaki na yawo sakaka duk bazara har zuwa Satumba da ake tattaro su, kuma ɗan tunkiya da ke wannan gefen titi zai ruga wurin uwarsa da ke wancan gefen. Sauka daga titi a bi fili da mota laifi ne mai tara mai nauyi, domin gansakukar da ta lulluɓe duwatsun kan ɗauki shekaru da dama kafin ta warke daga sawun taya.

Hanyoyin tsakiyar ƙasa, masu harafin F a gaban lambarsu, wani babi ne dabam. Yawancinsu tsofaffin turbobin doki ne, ba a buɗe su sai a Yuni ko Yuli, sai mota mai jan ƙafa huɗu, kuma da yawansu har yanzu kogi ake shiga, wanda inshorar haya ba ta saba biyan ɓarnarsa ba. Dokar masu doki na nan daram: ruwa ya fi ƙanƙanta da safe. Shi kansa zoben bai taɓa yankin Westfjords na arewa maso yamma ba, bai shiga zirin Snaefellsnes ba, don haka wanda ya kewaya shi bai gama ganin ƙasar ba. Akwai kuma wuraren da aka gajarta shi: ramin da aka haƙa ƙarƙashin mashigin teku na Hvalfjordur a 1998 ya rage fiye da kilomita 40, kuma tun 2018 ba a biyan kuɗi a kansa, amma na Vadlaheidi kusa da Akureyri ana biya ta intanet. Baƙin da ke shiga ƙasar ba su kai rabin miliyan ba a 2010, sun haura miliyan biyu a 2018, alhali ƙauyukan kudu maso gabas ƙanana ne. Wanda bai kama masauki da wuri ba tsakanin Vik da Hofn a watan Yuli zai iya kwana a kujerar mota.

Idan da ni ne mai tsara tafiyar, yinin da zan fi ba lokaci shi ne na ƙetare Skeidararsandur, ko da yake bai kai tuƙin awa guda ba. Kusa da Skaftafell, a wani wurin tsayawa, an kafa murɗaɗɗun ƙarafunan gada da ambaliyar 1996 ta lanƙwasa, kowane ya fi tsayin mutum, yara na hawa kansu ana ɗaukar hoto. Ba da nisa ba doguwar gadar 1974 ce, kuma babu kogi a ƙarƙashinta. Ƙanƙarar ta yi ta ja da baya saboda ɗumamar yanayi, har a 2009 kogin Skeidara ya bar tsohuwar hanyarsa ya bi gindin ƙanƙarar zuwa yamma ya zuba a Gigjukvisl. Abin da ya rage a wurin ɗan ruwan Morsa ne, wanda aka yi wa gajeriyar gada mai layi biyu, ƙasa da mita 70, aka buɗe ta a 2017 aka karkatar da titin kanta. Kimanin kilomita 55 a gaba, gadar 1967 na rataye a bakin tafkin Jokulsarlon, wanda babu shi kafin shekarun 1930. Tafkin na faɗaɗa ta arewa yayin da teku ke cin gaɓa ta kudu, kuma hukumar hanyoyi ta jibge manyan duwatsu a bakin mashigin domin kare ɗan zirin ƙasar da titin ke kai.